Kowa da ɗakinsa, kowa da mabuɗinsa: Yadda ake tsara rumbun tura fayiloli na haɗin gwiwa

Hasumiyar Gobarau da ke tsakiyar birnin Katsina ba ta wuce tsawon mita 15 ba, amma sunanta ya kai inda inuwarta ba ta kai ba. Riwayar da ta fi shahara tana danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma masallacin da take jikinsa ya zama makarantar da ɗalibai ke yi wa tattaki daga nesa. A wannan birni ne aka yi su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, daga nan kuma Muhammad al-Kashinawi ya fito, masanin lissafin nan da ya rasu a Alƙahira a 1741. Rubuce-rubucen hannu irin na waɗannan malamai da na zuriyarsu, na Larabci da na ajami, har yau akwai su a gidajen malamai, wasu cikin gafaka, wasu cikin adaka, gara da damshi suna yi musu ɗauki ɗaiɗai.

Hanyar da duniya ta yarda da ita wajen ceto irin waɗannan takardu ita ce a ɗauki hotonsu shafi bayan shafi, a adana a kwamfuta, a bar wa masu su kayansu. Haka shirin ceto takardun tarihi na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ya fara a 2004, yake yi a ƙasashe da dama ciki har da Najeriya. Haka aka yi da takardun Timbuktu da aka kwashe zuwa Bamako, a rikicin da ya kai ga ƙona wasu dubbai a Cibiyar Ahmed Baba cikin Janairun 2013. Sai dai duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya san cewa ɗaukar hoton ba shi ne mai wuya ba. Wuyar tana wajen tara hotunan wuri guda daga hannun mutane da yawa, ba tare da wani ya ga abin da ba a ba shi izini ba, ko ya goge abin da ba nasa ba.

Matsalar ba ta masu adana tarihi kaɗai ba ce. Ita ce matsalar makarantar da malamai ke tura sakamakon jarrabawa, da asibitin da ke karɓar hotunan gwaji daga rassa, da ɗan kwangilar da ke musayar zanen gini da injiniyoyi, da gidan jarida mai wakilai a jihohi. An ɗauki misalin takardun malamai ne saboda a nan amana ta fi fitowa fili: iyalin da suka buɗe maka adakar kakansu sun yi haka ne bisa sharaɗi.

Me ya sa WhatsApp da imel ba za su wadatar ba?

Lissafi ne mai sauƙi. Shafi guda mai girman takardar A4, idan aka ɗauke shi da launi a tsarin TIFF wanda ba ya matse hoto, a ma'aunin ɗigo 300 cikin kowane inci, yakan kai kusan megabayit 26. Gmail kuwa ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25 a liƙe da saƙo. Idan aka ɗaga ma'aunin zuwa 600 domin wasula da ɗigon ajami su fito tangaram, shafi guda zai haura megabayit 100. Littafi mai shafi 300 ke nan ya tashi a gigabayit 30. WhatsApp kuma yana matse hoton da aka tura a matsayin hoto, ya rage masa inganci, kuma ko da an tura shi a matsayin takarda, ya zauna ke nan a wayar duk wanda ke cikin zauren, ba mai iya janye shi. Filasha kuwa kowa ya san halinta: yau tana aljihun wannan, gobe ta kwaso cutar kwamfuta daga shagon buga takardu.

Don haka ake kafa kwamfuta guda a matsayin rumbu, wadda masana ke kira sabar, wasu marubutan Hausa kuma suka laƙaba mata uwar garke. Kowa ya tura nasa can, kowa ya ɗauko abin da aka halatta masa daga can.

Tsohuwar ƙa'idar yin haka ita ce FTP. Abhay Bhushan ne ya wallafa ta a Afrilun 1971 yana jami'ar MIT ta Amurka, aka kuma sake fasalinta a 1985. Ta girmi shafukan intanet da kusan shekara 20, kuma har yau tana aiki. Manyan kyamarorin Canon da Nikon da masu ɗaukar hoton jarida ke riƙewa suna iya tura hoto kai tsaye da ita. Aibinta shi ne an ƙera ta a lokacin da masu amfani da hanyar sadarwar 'yan ƙalilan ne kuma sun san juna. Tana tura sunan shiga da kalmar sirri a fili, kamar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba, duk wanda ya tsaya a hanya zai iya karantawa. Shi ya sa manhajojin Chrome da Firefox suka daina karɓarta a 2021.

Wadda ta gaje ta a yawancin wurare ita ce SFTP, mai tafiya cikin ƙa'idar SSH da Tatu Ylonen ya ƙirƙiro a ƙasar Finlan a 1995, bayan an yi satar kalmomin sirri a jami'arsu, wato Jami'ar Fasaha ta Helsinki. Ita tana rufe komai da lambobin sirri tun daga sallama har bankwana. Kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba, kamar yadda Katsina ke da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa: FTP tana shiga ta ƙofa ta 21, sannan ta buƙaci a buɗe mata wasu ƙofofin domin dakon kaya, ita kuwa SFTP ƙofa ta 22 kaɗai ta ishe ta. Ƙofa ɗaya ta fi sauƙin gadi. Akwai kuma FTPS, wato tsohuwar FTP da aka yi wa sulke. Sunayen sun yi kama, amma abubuwa biyu ne daban, kuma wannan kamanni ya sha ɓata wa ma'aikata yini guda suna neman dalilin da ya sa haɗi ya ƙi.

Mabuɗi ɗaya a hannun mutum goma

Kuskuren da ya fi yawa ba na zaɓen ƙa'ida ba ne. Shi ne a buɗe asusu ɗaya, a sa masa sunan ofis, a rubuta kalmar sirrin a takarda a manna a jikin bango, ko a tura ta a zauren WhatsApp na ma'aikata. Ranar farko kowa zai yaba da sauƙin abin. Illar sai daga baya.

Idan fayil ya ɓace, rajistar sabar za ta nuna cewa asusun ofis ne ya goge shi da ƙarfe kaza, wanda daidai yake da a ce ba ta nuna komai ba. Daga nan sai zargi ya shiga tsakanin abokan aiki, kuma galibi ƙaramin ma'aikaci ne ke kwana a ciki. Idan ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa ya tafi, ya tafi da mabuɗin, domin sauya kalmar sirri na nufin a bi mutum goma ɗaya bayan ɗaya ana sanar da su, abin da ba a cika yi ba. Idan kuma wayar mutum ɗaya ta faɗa hannun ɓarawo, rumbun ne gaba ɗaya ya faɗa. Mafi muni a irin aikin da muke misali da shi, mai ɗaukar hoto a gidan malam wane zai iya buɗe takardun gidan malam wane, alhali a cikinsu akwai wasiƙun iyali, da takardun gado da na filaye, da laƙanin da masu shi ba su yarda a baza ba.

Masana tsaron kwamfuta suna da wata ƙa'ida da Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka tsara a rubuce tun 1975: a ba kowane mutum da kowace manhaja mafi ƙarancin ikon da zai ishe su yin aikinsu, kada a ƙara ko kaɗan. Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Baƙo iyakarsa zaure, ɗan haya iyakarsa ɗakinsa da tsakar gida, mabuɗin rumbu kuwa yana hannun mai gida.

A fara da takarda da biro

Kafin a taɓa kwamfuta, a zauna a rubuta sunayen duk masu hannu a aikin a gefe guda, foldoji a ɗaya gefen, a cike abin da kowa zai iya yi a kowace folda. Mu ɗauka wata ƙungiya ce ke aikin a unguwannin da ke kewaye da Gobarau, tana da masu ɗaukar hoto uku, kowanne da gidan da aka tura shi. Da malamai biyu masu karanta rubutun su rubuta sunan littafi da marubucinsa. Da shugaban aiki. Da wakilin kowane iyali. Da wani mai bincike a wata jami'a da aka yarda ya duba wani ɓangare.

Mai ɗaukar hoto yana buƙatar ya zuba a foldarsa, ba ya buƙatar ganin ta kowa. Malamai masu tantancewa suna buƙatar karanta dukkan hotunan, amma ba su da dalilin sauya ko ɗaya. Rubutunsu yana da tasa foldar. Wakilin iyali ya ga na gidansu kawai, ya sauke kwafi idan ya so. Mai bincike na waje ya ga foldar da aka ware aka zuba abin da iyalai suka amince a nuna. Shugaban aiki ne kaɗai ke iya matsar da fayil daga wannan folda zuwa waccan. Wannan jadawali shi ne ainihin aikin, sauran duk aiwatarwa ce. Kuma ba aikin mai kula da kwamfuta ba ne shi kaɗai, domin ba shi ya yi wa iyalan alkawari ba.

Abu na biyu shi ne a ba da izini ga rukuni, ba ga mutum ba. A kafa rukunin masu ɗauka, da na masu tantancewa, da na baƙi, a ɗora izinin a kan rukunin, sannan a zuba mutane a ciki. Ranar da aka samu sabon ma'aikaci, sai a jefa sunansa a rukuninsa. Ranar da ya tafi, a cire. Wanda ya bi foldoji yana ba mutane izini ɗaya bayan ɗaya, bayan wata shida shi kansa ba zai iya faɗin wa ke iya shiga ina ba.

Karatu, rubutu, shiga

A babbar manhajar Linux, wadda yawancin sabobin duniya ke aiki da ita, izini iri uku ne: karantawa, rubutawa, da shiga folda. Kowanne yana da lamba: karatu 4, rubutu 2, shiga 1. Ana tara su a ba mutum uku a jere, wato mai foldar, da rukuninsa, da sauran jama'a. Idan aka ce folda tana da izinin 750, ma'anarsa mai ita yana da 7, ya haɗa duka ukun. Rukuninsa yana da 5, karatu da shiga ba rubutu. Kowa da kowa kuma yana da sifili. Lamba 770 ta ba rukunin cikakken iko. Ita kuwa 777, wadda ake yawan ba da shawararta ga wanda ya kasa shiga foldarsa, daidai take da a ce tunda mabuɗin ɗaki ya ƙi buɗewa, a cire ƙyauren gaba ɗaya.

Akwai wani abu a nan da ke yaudarar mutane da yawa. Izinin rubutu a kan folda ba izinin zuba sabon fayil ne kawai ba. Shi ne kuma izinin goge abin da ke ciki da sauya masa suna. Wanda aka ce ya ajiye, an ce masa ya kwashe ke nan. Har fayil ɗin da ba shi ya zuba ba yana iya gogewa, matuƙar yana da rubutu a kan foldar. A foldar da mutane da yawa ke zubawa, maganin wannan shi ne wata alama da ake ƙarawa a gaban lambobin, lamba 1, kamar 1770, wadda ke hana kowa goge abin da ba nasa ba. Akwai kuma lamba 2, kamar 2770, mai sa duk sabon fayil ya gaji rukunin foldar da aka zuba shi. In ba a sa ta ba, sai mai ɗaukar hoto ya tura aikinsa lafiya lau, malamin da zai tantance ya zo ya tarar an hana shi buɗewa, a yi ta kiran waya.

Ga ra'ayin wannan marubuci, hanya mafi kwanciyar hankali ita ce kada a bar aikin da aka gama a foldar da mai turawa ke da iko a kanta. A mayar da foldarsa tamkar akwatin gidan waya: ya zuba da rana, da dare wata 'yar manhaja ta kwashe zuwa babban rumbu inda ba wanda ke da rubutu sai shugaban aiki. Ko da an sace mabuɗinsa, abin da za a iya lalatawa bai wuce aikin yini guda ba.

Katangar da ake kira chroot

Izini kaɗai bai hana mutum yawo ba. Wanda ya shiga sabar da asusunsa zai iya hawa sama daga foldarsa, ya ga sunayen foldojin wasu, ya ga jerin masu asusu, ko da ba zai iya buɗe komai ba. Sunan folda kansa labari ne: wanda ya ga folda mai sunan wani gida ya san gidan ya ba da takardunsa. Domin toshe wannan ake amfani da wata dabara mai suna chroot, wadda ta samo asali a manhajar Unix tun 1979. Abin da take yi shi ne ta sa mai shiga ya ɗauka foldarsa ita ce farkon duniya da ƙarshenta. Ba ya ganin komai a samanta, domin a wurinsa babu saman.

Manhajar OpenSSH, wadda kyauta ce kuma take zuwa da kusan kowane Linux, ta samu wannan damar a 2008. Layuka huɗu ne ake ƙarawa a ƙarshen fayil ɗin tsarinta mai suna sshd_config:

Match Group masutura
ChrootDirectory /rumbu/%u
ForceCommand internal-sftp
AllowTcpForwarding no

Layin farko yana cewa dokar ta shafi duk wanda ke rukunin masutura. Na biyu yana tsare kowa a foldar da ke ɗauke da sunansa a ƙarƙashin rumbu, domin alamar %u tana tsayawa a madadin sunan mai shiga. Na uku yana hana shi komai ban da tura fayil da saukewa, ba zai iya ba kwamfutar umarni ba. Na huɗu yana hana shi mayar da sabar gada zuwa wasu kwamfutocin ofis. Idan ana son asusun ya zama na karatu zalla, kamar na mai binciken nan na waje, sai a kafa masa rukuninsa a ƙara -R a ƙarshen layi na uku.

Wurin da kusan kowane sabon shiga ke tuntuɓe shi ne wannan: OpenSSH ba ta yarda foldar da aka tsare mutum a ciki ta zama mallakarsa ba. Dole ta zama ta babban asusun kwamfutar, wato root, kuma kada wani ya samu rubutu a kanta, haka ma duk foldojin da ke samanta. In aka saɓa, da zarar mutum ya sa kalmar sirrinsa sai haɗin ya yanke, ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba, sai an je rajistar sabar za a ga dalili. Don haka a cikin foldar kowa ake buɗe wata ƙarama, a ce mata shigowa, ita ce ake mallaka masa. Gidan na mai gida ne, ɗakin ciki ne na ɗan haya.

Saura foldar tarayya, wadda ake son mutane da yawa su gani alhali kowa yana tsare a gidansa. Gajeriyar hanyar da aka saba yi daga folda zuwa folda ba ta aiki a nan, domin tana nuni ne zuwa wajen katanga. Abin da ake yi shi ne a ɗaura foldar tarayyar a cikin gidan kowa da umarnin mount --bind, kamar a huda taga daga kowane ɗaki zuwa tsakar gida ɗaya, kuma ana iya ɗaura ta a matsayin ta karatu kawai. Kada a manta a rubuta ɗaurin a fayil ɗin fstab. In ba haka ba, ranar da KEDCO ta ɗauke wuta kwamfutar ta sake tashi, tagogin duk za su toshe, mutane su ɗauka an goge musu aiki.

Wanda bai saba da Linux ba, ba a rufe masa hanya ba. Windows tana ɗauke da OpenSSH tun 2018. Manhajar FileZilla Server tana ba da damar kafa mutane da rukunoni ta hanyar latsa maɓallai, sai dai ta kyautar FTP da FTPS take yi. Akwatunan ajiya irin na Synology, da manhajar Nextcloud, da ma Google Drive, duk suna da nasu salon. Sunayen maɓallan ne suka bambanta, jadawalin nan na takarda bai sauya ba. A ɓangaren masu turawa kuwa, FileZilla da WinSCP kyauta ne, kuma dukansu suna iya ci gaba daga inda tura fayil ya tsaya idan sabis ya yanke, abin da ba ƙaramin alheri ba ne ga mai tura gigabayit 30 da datar waya.

Wani abin lura ga ofisoshinmu: kwamfutar da ke samun intanet ta layin waya galibi ba a iya isa gare ta daga waje, domin kamfanonin sadarwa suna haɗa masu amfani da yawa a kan adireshi ɗaya. Mafita ita ce a yi hayar sabar a wata cibiyar adana bayanai, ko a haɗa ma'aikatan ta keɓaɓɓiyar hanya irin ta WireGuard. Ta biyun tana da ƙarin fa'ida, domin ƙofar ba ta fuskantar titi. Duk sabar da ta buɗe ƙofa ta 22 ga duniya, cikin sa'o'i kaɗan za a ga manhajojin masu kutse suna gwada sunaye da kalmomin sirri ba dare ba rana. Shi ya sa ake fifita shiga da mabuɗin SSH, wani dogon fayil na lambobi da ke zaune a kwamfutar mai shi, a kashe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya. In hakan ya yi wa ma'aikata nauyi, aƙalla a sa manhajar Fail2ban mai korar duk adireshin da ya yi ta kuskure a jere.

Darasi daga Landan

Kada a ɗauka wannan tsoro ne na ƙananan ofisoshi. A ƙarshen Oktoban 2023, wata ƙungiyar masu kutse mai suna Rhysida ta afka wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda muka ambata a sama. Sun kwashe bayanai kimanin gigabayit 600, suka nemi fansar Bitcoin 20, da aka ƙi biya suka watsa su. Ayyukan ɗakin karatun na intanet sun tsaya na tsawon watanni, har da shafin da ake duba takardun da aka ɗauko hotonsu daga Afirka. A rahoton da hukumar ta fitar a Maris 2024, ta ce mafi rinjayen zato shi ne an shigo ta wata sabar da aka kafa domin abokan hulɗa na waje su riƙa shiga daga nesa, wadda ba a sa mata matakin tantancewa na biyu ba. Ƙofar baƙi ce aka bari da sakata ɗaya.

A shekarar dai, cikin watan Mayu, ƙungiyar Cl0p ta samu ɓaraka a MOVEit, wata manhajar tura fayiloli ta kuɗi da manyan kamfanoni ke amfani da ita, ta kwashi bayanan hukumomi da kamfanoni fiye da 2,000, ciki har da na ma'aikatan BBC da British Airways. Abin da ya ƙara girman ɓarnar shi ne yadda wurare da yawa suka bar tsofaffin fayiloli jibge a sabar da aka kafa domin wucewa kawai. Tashar mota ba wurin kwana ba ce. Abin da ya isa inda za shi, a kwashe shi daga hanya, kuma a riƙa sabunta manhajar da zarar masu ita sun fitar da gyara.

A Najeriya yanzu maganar ta wuce ta kyautatawa, ta zama ta doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakan tsare su, ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Littafin fiƙihu na ƙarni na 18 ba bayanin wani mai rai ba ne, amma takardar yarjejeniya mai ɗauke da sunan magaji da lambar wayarsa, da jerin albashi, da sakamakon gwajin asibiti, duk suna ciki. Ofishin da mutum goma ke shiga da asusu ɗaya ba zai iya faɗa wa hukuma ko wane ne ya buɗe fayil ba, balle yaushe.

Gwaji, rajista da ranar sallama

Bayan an gama kafawa, mai kula da sabar ya ajiye babban asusunsa, ya shiga da asusun kowane rukuni kamar shi ne mai shi, ya gwada yin abin da aka hana: ya nemi hawa sama, ya nemi buɗe foldar wani, ya nemi goge fayil a inda aka ce karatu kawai. Yawancin masu kafawa suna gwada abin da ya kamata ya yi aiki ne kawai, su ga ya yi, su tashi. A kuma kunna rajistar da ke rubuta wanda ya tura, da wanda ya sauke, da wanda ya goge. A OpenSSH ana ƙara -l INFO a layin internal-sftp, kodayake ga waɗanda aka tsare da chroot sai an yi ɗan ƙarin aiki kafin rubutun ya isa rajistar. Amfaninta ya fi yawa wajen wanke wanda ba shi da laifi.

Kowane asusu kuma a yanka masa wa'adi tun ranar buɗe shi. Linux tana karɓar ranar ƙarewa, ta rufe asusun da kanta idan ranar ta zo. Na ɗan bautar ƙasa ya ƙare da watan da zai karɓi takardar sallama, na mai bincike ya ƙare da wa'adin da aka rubuta a yarjejeniya, in ana bukatar ƙari a sabunta. A kuma sa wa kowa iyakar wurin da zai iya cikawa, domin kada bidiyon bikin wani ya cinye faifan a tsakiyar aiki.

Duk wannan tsari bai maye gurbin kwafin ajiya ba, domin izini ba ya hana faifai mutuwa, ba ya hana wutar da ta dawo da ƙarfi ƙona na'ura. Ƙa'idar da masu adana bayanai suka saba bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari daban, kuma asusun da ke tura fayiloli kada ya samu hanyar isa ga ko ɗaya daga cikin kwafin. A aikin takardun malamai akwai kwafi na huɗu da ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya tun farko, wato faifan da za a miƙa wa iyalin da suka ba da aron littattafansu, ɗauke da na gidansu kaɗai.